Ruɓewar saiwa a noman da ba ƙasa: nazarin bido goma sha biyu na tumatir a Damagaram

Lamarin nan ya faru ne a wani gida da ke unguwar Garin Malam a Damagaram, tsakanin ƙarshen hunturu da shigowar bazara. Wani matashi da bai daɗe da gama karatu ba ya jera bido goma sha biyu a gindin katangar gidansu, yana noman tumatir a cikin ruwan taki zalla, babu ƙasa ko ƙwaya. A watan Fabrairu maƙwabta har sallama suke yi su shigo kallo. Kafin Maris ya raba tsakiya ganyen ƙasa ya yi rawaya, na sama yana langaɓewa tun da hantsi, huɗu daga cikin shukokin kuwa sun riga sun miƙa wuya. Babu tsutsa, babu ƙwaro a bayan ganye, kuma ba a taɓa barin bido ko ɗaya ya ƙafe ba. Na ga ya dace a rubuta shi dalla-dalla ne saboda matakin da yaron ya ɗauka don ceton shukarsa shi ne wanda kusan kowa a garin nan zai ɗauka, kuma shi ne ya shaƙe ta.

Wanda ya san Damagaram ya san abin da ke jan matasa zuwa irin wannan noma. Garin a kan dutse yake zaune, rijiya ba ta faye yin albarka ba, ruwan da ake sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, daga Arungusa, daga Ganaram. Ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 400 da ɗoriya ba. Kayan miya kuma daga garaken Mirya da Gidimuni da ƙasar Matamai ake shigo da su. To in aka ce wa mutum zai iya fitar da gindin salati guda da ruwan da bai wuce lita 4 zuwa 6 ba, daga dashe har cira, a tsakar gidansu, dole ya tsaya ya saurara. Kuma gaskiya ne, ana iyawa. Sai dai wannan ƙarancin ruwan ya dasa mana wata ɗabi'a: da zarar ganye ya yi yaushi, hannu ya kai ga bokiti tun ido bai duba ba.

Yadda aka kafa abin

Tsarin da ya bi shi ne mafi sauƙi, wanda ake dangantawa da Bernard Kratky na Jami'ar Hawai a Amurka. Babu injin zagaya ruwa, babu na hura iska, babu buƙatar kuran. Ana cika mazubi da ruwan taki, a ɗora ƙaramin kofi mai huda-huda a bakinsa, gindin kofin ya ɗan taɓa ruwa. Shuka tana sha, ruwa yana sauka, saiwa tana bin sa ƙasa. Tsakanin gindin kofi da fuskar ruwa sai wani fili ya buɗe mai iska da danshi, kuma a nan ne saiwar da ke sama take canza kama, ta yi fari tas, ta fito da gashi-gashi, ta koma aikin numfashi. Ta ƙasa ta sha, ta sama ta shaƙa. Duk tsarin a kan wannan filin ya rataya, amma da yake a cikin duhun bido yake, mai koyo ba ya ganinsa, balle ya san darajarsa.

Shi dai bido ya samo na man girki, masu ruwan ɗorawa, na lita 20. Ya wanke su, ya yanke sama, ya huda kofunan roba da ƙusa mai zafi, ya cika su da tsakuwa da ɓarɓashin gawayi. Ya jera su a kan daɓen siminti, gindin katangar da rana take dukanta daga azahar har faɗuwa.

Da salati ya fara a Disamba, ya kuma yi kyau ƙwarai. A nan tarkon yake. A lokacin hunturu ruwan bido yana kwana da sanyi, da rana ma bai cika ɗumi ba. Sannan salati mako biyar zuwa shida yake yi a cire shi, kafin ruwan ya kai ƙasa an riga an cinye. Ma'ana, nasarar farko ba ta taɓa sa shi ƙara ruwa ba, don haka bai koyi yadda ake ƙarawa ba. Tumatir kuwa watanni yake yi, kuma in ya girma ya fara ɗaukar ƴaƴa, gindi guda yana iya shan lita 2 ko fiye a rana mai zafi. Bido na lita 20 ba zai kai shi ko'ina ba sai da ƙari.

Dashen tumatirin daga wata garka ya sayo shi, ya wanke ƙasar da ke jikin saiwar da ruwa, ya dasa a kofi. Takin farko na gaske ne, irin wanda ke narkewa duka, wani ya taho masa da shi daga Kano. Da ya ƙare sai ya koma wa abin da ke kasuwa: NPK 15-15-15 da yuriya, yana jiƙawa yana tacewa.

Akwai wani abu a gefe da ya kamata a faɗa. Yawancin bidiyon da ya koyi aikin da su na masu noman wiwi ne a ƙasashen da doka ta sake musu, irin su Kanada tun 2018. A Nijar wannan laifi ne, kuma ba shi ne batunmu ba. Amma su suka cika intanet da bayanin saiwa a cikin ruwa, kuma a ɗakuna masu sanyi suke aikinsu, da injin sanyaya ruwa da kuran da ba ya ƙiftawa. Abin da suka ɗauka a matsayin ruwa ya yi zafi da yawa, a nan shi ne ruwan da muke samu da asuba a watan Afrilu. Bayaninsu a kan saiwa daidai ne. Hanyoyin gyaransu ne ba na tsakar gidanmu ba.

Abin da ya biyo baya

Wajen ƙarshen Fabrairu iska ta juya, zafi ya fara shigowa. Ruwan kowane bido ya riga ya sauka ƙasa da rabi, filin iskan nan ya cika da farar saiwa. Wata rana da azahar ya ga kan tumatirin ya sunkuya. Wannan sunkuyawar ba cuta ba ce, tumatir mai lafiya ma yana yin ta in rana ta take iska ta bushe, da la'asar ya miƙe. Shi kuwa ya leƙa ya ga ruwa can ƙasa, sai ya cika kowane bido har wuya. Daga ranar ya mayar da abin al'ada, safe da yamma, kada ya ga sarari. Duk lokacin da zai ƙara kuma sai ya haɗa da taki daidai ƙarfin na farko.

A makon ne kuma famfon unguwar ya yi kwanaki bai zo ba, aka koma sayen ruwa wajen ƴan garuwa, ba tare da an san inda aka ɗebo kowane ba. Abin da ya saya yana ajiyewa a baƙar tano da ke tsaye cikin rana.

Bayan ƴan kwanaki yaushin ya daina warwarewa da yamma. Ganyen ƙasa ya yi rawaya, sababbin ganye suka fito fari-fari da koren jijiya. Ya ɗauka yunwa ce, ya ƙara yuriya. Wani ya ba shi shawarar ya fasa kafso a ciki, irin yadda ake yi wa ruwan kaji, ya fasa. Ya kuma sayi ƙaramin injin hura iska na gidan kifi ya raba wa bido uku, amma da rana, lokacin da aka fi buƙatarsa, a lokacin ne wuta take ɗaukewa. A wannan hali aka kira ni.

"Malam, wallahi ban taɓa barin su da ƙishi ba," in ji shi tun ban zauna ba. "Safe da yamma nake cikawa."

"To ai shi ne nake tsoro, samari. Ɗaga mini kofin nan mu gani."

Wari ne ya fara fitowa, warin kwata. Saiwar da ya kamata ta zama fara mai ƙarfi ta koma ruwan ƙasa, ta manne wuri guda, tana ɗigar da yauƙi. Na kama guda tsakanin yatsa biyu na ja a hankali, sai fatar waje ta saɓule ta bar siririn zare a tsakiya. Wannan saɓulewar ita ce alamar da nake so kowane mai koyo ya riƙe, don taki ma yana rina saiwa ta yi duhu, amma saiwar da taki ya rina tana nan da ƙarfinta, in ka ja ta sai ta tsinke ba ta saɓule ba, kuma ba ta wari. Cikin bidon, inda haske ke ratsa robar, gansakuka ta yi kore shar. Na sa ma'aunin zafi a ruwan bayan azahar, ya nuna digiri 33.

Kafin a ɗora wa ruwa laifi sai da aka kore wasu abubuwan da su ma suke sa tumatir yaushi a ƙasar nan. Na yanke karan ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu, na rataya bakin yankan a kofin gilashi mai ruwa mai kyau. Da cutar bakteriya mai toshe kara ce, cikin ƴan mintuna za a ga farin abu yana zubowa daga yankan yana gangarawa cikin ruwa. Babu abin da ya zubo. Na tsaga karan a tsaye, cikinsa fari ne sai dab da gindi, ba a ga jan layin nan mai hawa sama ba wanda cutar Fusarium ke bari. Saiwar kuma ba ta da ƙulle-ƙullen da tsutsar ƙasa ke haddasawa. Ba a kai samfuri ɗakin gwaji ba, don haka sunan ƙwayar cutar zato ne mai ƙarfi, amma duk alamun sun taru a kan abu guda: saiwa ta rasa iska, ta raunana, ƙwayar cuta mai ruɓar da saiwa da ake kira Pythium ta shiga.

Me ya faru a cikin bidon

Saiwa rayayya ce, numfashi take yi dare da rana, kuma da wannan numfashin take samun ƙarfin jawo abinci daga ruwa. Lita guda ta iska tana ɗauke da oksijin da ya ninka na lita guda ta ruwa kusan sau 30. Tafiyarsa a cikin ruwa kuma ta fi ta cikin iska nawa da kusan sau 10,000. Wato a ruwan da yake tsaye cik, abin da saiwa ta zuƙe a kusa da ita ba ya dawowa da wuri. Shi ya sa filin nan na sama yake da muhimmanci haka. Ranar da yaron ya cika bido har wuya, saiwar da ta saba shaƙar iska kai tsaye ta nutse gaba ɗaya, ita ce kuma ta fara mutuwa.

Zafi ya zo ya matsa daga ɓangare biyu. Ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe oksijin kusan miligiram 9 a lita. A digiri 30 ya sauko kusan 7.5, a 35 bai kai 7 ba. In ka kalli lambobin kaɗai sai ka ce ragin ba shi da yawa. Amma a daidai lokacin da ruwa ke rage abin da yake riƙewa, buƙatar saiwa tana kusan ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, haka ma ta ƙwayoyin halittar da ke cikin ruwan. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tafki da bazara ya ga tarwaɗa tana tasowa sama tana haɗiyar iska ya ga wannan lissafin da idonsa, sai dai ita saiwa ba ta iya tasowa. Gansakukar ma tana da nata kason: da rana tana ba da oksijin, da dare tana ci, in ta mutu kuma ta ruɓe ta ci wani.

Takin da ya koma wa ya ƙara dagula al'amari. A gona, ƙwayoyin halittar ƙasa suna juya yuriya da amoniya su mayar da su naitiret, wanda shuka ta fi sha cikin kwanciyar hankali. A cikin bido babu wannan rundunar. Amoniya mai yawa kuwa a cikin saiwa ake sarrafa shi, yana cin sukari da oksijin, kuma ɓarnarsa ta fi tsanani in ruwa ya yi zafi. Sannan NPK na gona ba a yi shi don ya zama cikakken abincin shukar da ba ta da ƙasa ba: kalsiyam, magnesiyam, ƙarfe da sauran ƙananan sinadarai daga ƙasa ake sa ran shuka za ta samu. Ga kuma gishiri. Da zafi shuka ruwa ta fi sha a kan taki, saboda haka abin da ya rage a bido kullum ƙara kauri yake yi. Mai ƙarawa da cikakken taki kowace rana yana tara gishiri ne a kan saiwar da ta riga ta ji rauni.

Sai Pythium. Ana yawan lissafa shi cikin naman gwari, amma ba shi ba ne, danginsa daban, kuma ƙwayoyinsa iyo suke yi a ruwa suna bin abin da saiwa mai rauni take fitarwa. Yana nan a ƙasar garka, yana nan a ruwan tafki da kududdufi. Irin da ake kira Pythium aphanidermatum zafi yake so, ya fi ɓarna in ruwa ya haura digiri 27 zuwa 30. Ko dai ya shigo tun a jikin dashen da aka wanke, don wanki ba ya fitar da abin da ido ba ya gani, ko kuma ya biyo ruwan da aka saya. A ganina ta ina ya shigo ba shi ne babbar tambaya ba. In tun Janairu yake ciki, to wata biyu ya yi bai iya komai ba, sai da aka nutsar da saiwa a ruwan ɗumi.

Daga nan ake gane dalilin da shuka ke yaushi alhali tana tsaye cikin ruwa. Saiwar da ta ruɓe ba ta sha. Ganye yana ta fitar da ruwa, ba a mayar masa. Alamar da ido ke gani daga sama iri ɗaya ce da ta ƙishirwa sak, rawayar ganye kuma iri ɗaya ce da ta yunwa, shi ya sa mai koyo ke ƙara ruwa ya ƙara taki, wato abubuwa biyun da suka fi cutarwa a wannan halin.

Abin da aka yi

An fara da rarrabewa, kuma a nan aka ɗan yi ja-in-ja. Huɗun da ruɓewar ta hau har gindin kara na ce a tumɓuke a fitar daga gidan, kada a jefa cikin takin gargajiya. Yaron bai so ba, ɗaya daga ciki tana da ƴaƴa shida da suka fara nuna girma.

"Malam, ko a ba ta mako guda?"

"In gindin kara ya yi laushi babu inda sabuwar saiwa za ta fito. Ka cire ƴaƴan a yi miya, ita kuwa ta tafi."

Sauran takwas aka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya da sassafe, aka ɗauraye saiwar da ruwa mai sanyi, aka datse duk abin da ya yi yauƙi da almakashin da ake tsomawa cikin ruwan jabel bayan kowace shuka. Wasu kusan kashi biyu cikin uku na saiwarsu ya tafi. Tunda saiwa ta ragu, dole a rage mata kaya: aka cire ganyen ƙasa, aka rage ƴaƴa, aka tsinke furen da ke kai. Tumatir yana da wata baiwa da salati ba shi da ita sosai, yana fitar da sabuwar saiwa daga jikin kara in ya sami danshi, don haka aka ɗan zurfafa kowace shuka a kofinta. An kuma yanki wasu rassan hammata masu lafiya daga can sama aka tsoma a kwalba, don su ma cikin mako guda zuwa kwana goma suke yin saiwa, in iyayen sun ƙi a sami madadi.

Bidon duka an zubar da ruwansu nesa da sauran shuke-shuke, an goge, an jiƙa su da jabel, mudu guda a cikin mudu tara na ruwa, kusan rabin awa, sannan aka ɗauraye har warin ya fita. Tsakuwa da gawayi aka canza sababbi.

Gyaran da na fi ba muhimmanci kuwa ƙusa ce da wuta. A gefen kowane bido, wajen rabin tsayinsa, aka huda rami guda. Ko wa ya zo ƙara ruwa, ko yaron ne, ko ƙannensa, ko Inna da tausayinta in ba ya nan, ruwa ba zai wuce wannan layin ba, sai ya tsiyaye. An toshe bakin ramin da guntun gidan sauro, in ba haka ba an buɗe wa sauro masauki goma sha biyu a tsakar gida. Ƙa'idar ƙari kuma ta zama kaɗan-kaɗan kullum, don fuskar ruwa ta zauna wuri guda, kada ta hau ko ta sauka fiye da faɗin yatsa biyu. Saiwa tana iya sabawa da kowane layi, hawa da sauka ne ba ta jurewa.

Sai maganar zafi. An ɗauke su daga kan siminti da gindin katangar nan, aka haƙa dogon rami a gefen da bedi ke yi wa inuwa da yamma, aka binne kowane bido cikin yashi har dab da ramin tsiyaya, saman kuma aka naɗe da buhun algarara. Yashin da buhun ana yayyafa musu ruwan ɗauraya da safe da azahar. Wannan ba sabon ilimi ba ne, shi ne na randa, kuma shi ne Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga arewacin Najeriya, ya gina tukunyarsa mai tukunya a ciki a kansa, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. A Maris da Afrilu iskar Damagaram a bushe take ƙayau, to a lokacin ne wannan dabara ta fi aiki, da damina kuwa ƙarfinta raguwa yake. Buhun ya kuma tare haske, gansakuka ta rasa abin ci. A sama aka yi ƴar rumfar zana mai sakwa-sakwa. Ruwan ƙari ya bar baƙar tano ya koma kwana a randa. Da duk wannan, ma'auni ya sauko wajen digiri 26 zuwa 27 da azahar. Littattafai 18 zuwa 22 suke so. Ba za mu same shi a bazara ba sai da inji, amma tazarar da ke tsakanin 33 da 27 ita ce ta raba mutuwa da rayuwa a wannan gidan.

Taki aka koma wa mai narkewa duka wanda ke da kalsiyam da ƙananan sinadarai, rabin ƙarfi a makon farko, yuriya kuwa aka ajiye ta gefe. An samo takardar gwajin tsami aka riƙa duba ruwan, ana riƙe lambar ma'aunin, wato pH, tsakanin 5.5 da 6.5, don in ya haura haka ƙarfe yana daina shiga shuka ko da yana cikin ruwan.

Game da magani ra'ayina bai yi wa yaron daɗi ba, don shi abin zubawa yake nema. Kafso ba ya taɓa Pythium, ɓarnar kuɗi ce da ɓarnar magani. Yawancin magungunan naman gwari ma ba sa kama shi, tunda ba danginsu ɗaya ba. Akwai sinadarin metalaksil da ke kama shi, yana cikin wasu hodar da ake cuɗa irin gero da ita kafin shuka, amma an yi ta ne don iri, haɗe take da maganin ƙwari, ba abin da za a narka a ruwan tumatirin da iyali za su ci ba ne. Abin da na yarda da shi kaɗai shi ne ruwan wanke ciwo mai kumfa na farmasi, haidirojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, mililita 2 zuwa 3 a kowace lita, a kwanakin farko kawai. Yana rage ƙwayoyin cuta na ɗan lokaci sannan ya watse ya zama ruwa da oksijin. In aka yawaita shi sabuwar saiwar yake ƙonawa. Wanda ya zuba shi ya bar bido cike har wuya a cikin rana, bayan mako guda zai dawo inda yake.

Sakamako

Wajen mako guda bayan gyaran, biyar daga cikin takwas suka fito da fararen saiwoyi gajeru masu kauri daga gindin kara, suna leƙowa ta hudojin kofi. Yaushin azahar ya ci gaba na ɗan lokaci, kuma a nan aka fi shan wahalar riƙe hannun yaron, don duk sunkuyawar ganye gani yake kira ne. Aka yi yarjejeniya cewa ba zai yanke hukunci da azahar ba, sai da asuba: shukar da ta kwana ta tashi a miƙe lafiyarta ƙalau. Sauran ukun ba su mutu ba, ba su kuma yi gaba ba, daga baya aka maye gurbinsu da rassan da ke kwalba.

Ƴaƴan farko bayan farfaɗowa da yawansu sun yi baƙin gindi. Wannan ba sabuwar cuta ba ce, sawun tsohuwar ce: kalsiyam da ruwa yake tafiya zuwa ƴaƴa, kuma sabbin bakunan saiwa ne suka fi jawo shi, su ne kuwa suka ruɓe. Zubi na biyu ya fito da sauƙi. Da Afrilu ta kankama fure ya riƙa kakkaɓewa, yaron ya sake tsorata ya ɗaga kofi, ya tarar da saiwa fara tas. Wannan karon ba daga ƙasa matsalar take ba. Tumatir in zafin rana ya haura digiri 35, dare ma bai yi sanyi ba, furensa ba ya kama ƴaƴa sosai, ko a garka ko a bido, kuma Damagaram a Afrilu da Mayu 40 take wucewa.

Shi ya sa a lissafina jinkirin dashe yana cikin manyan dalilan lamarin, ko da yake ba ya wari kamar saiwa. Tumatirin da aka dasa a Oktoba ko farkon Nuwamba zai yi yawancin ƴaƴansa cikin sanyi. Nasa sai Janairu ya shiga bido, ya kai lokacin da ya fi buƙatar ruwa da iska daidai ranar da zafi ya iso.

Injin hura iskar yana nan, mun kuma bar shi a kan saɓani. Shi yana so ya haɗa shi da faranti mai amfani da hasken rana da ƙaramin batir, ya cika bido, ya bar saiwa duka cikin ruwa mai kumfa kamar yadda ya gani a bidiyo. Tsarin yana aiki, girma ma ya fi sauri. Amma saiwar da ta tashi a haka ba ta da ta numfashi a sama, in injin ya tsaya da azahar a ruwa mai ɗumi, cikin ƴan awoyi an shiga matsala. Na ce ya gwada a bido biyu kawai, su ma ya bar musu ramin tsiyayarsu. Sauran goma an tsara salati daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tumatir daga Oktoba da irin da zai tsirar da kansa a cikin yashin da aka wanke aka tafasa, watannin zafi kuma alayyahu da ɗoɗɗoya.